Yaren Chaina ya ƙi shiga kaina, ga kawu ya matsa sai na zama ejan ɗinsa

Assalamu alaikum Yaya, dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗan Kano ne, na samu tallafin karatu na gwamnatin Chaina zan karanci injiniyanci, amma sai aka ce dole na fara yin shekara ɗaya ta koyon yare, in na ci HSK 4, wato mataki na huɗu na jarrabawar yaren Chaina, sannan na shiga digiri. Tun watan Satumba nake Wuhan, gashi zangon farko ya ƙare kuma wlh ban ga abinda na iya ba. A aji in malama tana magana a hankali ina ɗan tsintar wani abu, amma ina fita waje mai tasi ko mai kanti ya buɗe baki shikenan kaina ya ɗaure, in ni nayi magana kuma sai su tsaya suna kallona kamar ba yarensu nake ba. Rubutun nasu in na haddace yau gobe ya gudu. Abokaina duk 'yan Afirka ne Turanci muke yi, da dare kuma ina kan waya da mutanen gida har ƙarfe 3 ko 4 dan sai lokacin suke samun sukuni, aji kuma ƙarfe 8, na sha makara har an taɓa kirana ofis. Ga sanyi ga kaɗaici.

Babbar damuwar kuma ita ce kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da shago a Kantin Kwari kuma shi ya biya min kuɗin jirgi. Yanzu yace in dinga zuwa Guangzhou ina duba masa kaya, zai dinga turo kuɗi ta asusuna ina biyan masu kaya yana bani kamasho, har abokansa biyu sun karɓi lambata. Alawus ɗina yuan 2,500 ne a wata, a gida in suka juya shi zuwa naira gani suke na zama attajiri. Ina jin nauyin ce masa a'a. Wani lokacin har nakan ji kamar in ajiye karatun in kama harkar kawai tunda yaren ya ƙi. Me kake gani?

Ƙaninka daga Wuhan

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah yayi jagora.

Na karanta wasiƙarka kuma ni ban ga wanda yare ya gagara ba, na ga mutum ne da jikinsa ke Wuhan amma agogonsa na Kano. Chaina tana gaban Najeriya da awa 7, wato lokacin da Hajiya ta idar da isha'i ta zauna hira wajen ƙarfe 8 na dare, kai a wajenka ƙarfe 3 ne na tsakar dare, sannan ka kwanta awa uku ko huɗu ka tashi ka je ka zauna gaban malama da ido jajur kace rubutu yana guduwa daga kanka. Ai dole ya gudu. Hadda in ba a yi barci a kanta ba bata zama, wannan ko almajiri ya san da shi. Toh daga nan zaka fara gyara tun kafin mu zo maganar yare. Ƙarfe 9 na dare a wajenka ƙarfe 2 ne na rana a gida, an yi azahar an ci abinci, wannan lokacin ya isa a gaisa. Ko in ka fito daga aji ƙarfe 1 na rana, su a can 6 ne na safe an idar da asuba, Hajiya na kan darduma, minti goma na gaisuwa da addu'a sun fi maka hirar awa biyu da tsakar dare wacce rabinta labarin bikin wance ne da rigimar gidan wane. Ka faɗa musu sau ɗaya cewa daga ƙarfe 11 naka wayar a kashe take. Zasu yi mita sati ɗaya su saba.

Kuma kada ka raina kiran da akayi maka a ofis. Makarantun can suna rubuta zuwa aji kullum, mai tallafin gwamnati kuma duk shekara ana duba takardunsa a ga ko za'a cigaba da bashi, fashin aji yana cikin abubuwan da ake dubawa, haka wajen sabunta izinin zama makaranta ce ke baka takarda. Ka je da ƙafarka wajen malamar ajinku kafin ita ta sake nemanka, ka tambaye ta awa nawa aka rubuta maka fashi kuma nawa ne iyaka, kace mata ka gyara. Malaman can in suka ga ɗalibi ya kawo kansa suna sassautawa sosai, wanda basa so shine mai ɓuya.

Yanzu yaren. Abu na farko da nake so ka cire a ranka shine wai rashin gane mai tasi alama ce ta baka iya komai ba. Abinda ake koya muku a aji shine Putonghua, daidaitaccen yaren da aka gina akan lafazin Beijing, su kuma mutanen Wuhan musamman dattawa da direbobi da masu kanti suna da nasu karin harshen, kuma da sauri suke yinsa da ɗaga murya kamar ana faɗa alhali hira ce kawai. Ɗan Chaina ma da ya taso daga arewa in ya sauka Wuhan sai ya kasa kunne da kyau. Dan haka ka auna kanka da ɗaliban jami'a sa'anninka da labaran talabijin, su ne ke yin irin wanda za'a tambaye ka a jarrabawa. In mai kanti ya kwararo maka, kace masa ya yi a hankali, yawancinsu suna iya juyawa zuwa Putonghua in sun ga baƙo ne.

Su kuma da basa gane naka, kusan kullum abu biyu ne. Na ɗaya karin sauti, kuma anan ne nake jin haushin yaranmu dan mu Hausawa mun fi Bature da Balarabe sa'a nesa ba kusa ba, yarenmu ma da karin sauti yake tafiya, akwai na sama akwai na ƙasa akwai mai faɗuwa, da shi muke bambance kalmomi tun muna yara ba tare da mun san sunansa ba. Kunnenka ya riga ya iya jin wannan abu. Matsalar ita ce kana kallon pinyin, wato rubutun yarensu da baƙaƙen boko, kamar Turanci, ka haddace baƙaƙen ka watsar da 'yar alamar dake sama, alhali ita ce rabin kalmar. Nasu guda huɗu ne: mai tafiya a sama miƙe, mai hawa, mai nutsewa ƙasa, da mai faɗowa da ƙarfi, sai wani mara nauyi da ake saki a ƙarshen wasu kalmomi. Saye da sayarwa ma duk "mai" ake rubuta su a pinyin, karin ne kawai ya raba su, kaga wanda zai je kasuwa da kuɗin mutane ai bai kamata yayi wasa da wannan ba. Ka daina haddace kalma ɗaya ɗaya, ka dinga ɗaukarsu bibbiyu ko jimla guda, ka saurari sautin da ya zo da littafinku ka maimaita da ƙarfi a bayansa, ka naɗi muryarka a waya ka saurara ka kwatanta. Kunya zaka ji da farko in ka ji muryar taka, kowa ma haka yake ji. Kuma ka kula, na ukun nan mai nutsewa ƙasa a cikin magana ba'a cika lanƙwasa shi kamar yadda aka zana a allo ba, ƙasa kawai ake yi da murya, in kuma biyu suka haɗu na farkon ya koma mai hawa.

Na biyu, ciwonmu na gado wato p da f. Mu a Hausa duk ɗaya ne ko ka ce Fatima ko ka matse leɓe ba wanda zai ce ka canza suna, su kuwa haruffa ne mabambanta, ga kuma b da p nasu, d da t, g da k, waɗanda iskar da ke fita daga baki ce ke raba su. Ka riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, in kace p ko t ko k ta motsa, in kace b ko d ko g kada ta motsa. Sai j, q, x da zh, ch, sh da yaranmu ke cakuɗawa, waɗannan ka roƙi malama ta zauna da kai minti goma bayan aji ta nuna maka inda harshe ke zama. Sati biyu in ka dage akan wannan kaɗai zaka ga mai kanti ya daina kallonka da baki buɗe.

Rubutu kuwa, bar zana shi kamar hoto. Mafi yawan haruffan nan haɗi ne na ɓangare biyu, ɗaya yana nuna ma'ana ɗaya yana nuna yadda ake furtawa, misali 'yan ɗigo ukun nan na gefen hagu duk inda ka gansu akwai ruwa a maganar, kogi, teku, wanka, miya. In ka san irin waɗannan ɓangarorin guda hamsin zuwa ɗari sai ka ga sabon harafi ya daina zama baƙo. Ka sa manhajar ƙamus ta Pleco a wayarka in baka da shi, ka sa Anki ko makamancinsa mai dawo maka da kalma daidai lokacin da ta kusa guduwa, kalma 15 sabbi a rana da bitar tsofaffi, kullum har ranar hutu, ya fi ka zauna ranar Lahadi ka ɗura 150.

Ka duba lissafin ma ba abin tsoro bane. HSK 4 a tsarin da aka saba kalmomi 1,200 ne, kashi uku ce, sauraro da karatu da rubutu, kowanne maki 100, a 180 cikin 300 ake ci. A 2021 sun fitar da sabon ma'auni mai matakai 9 wanda yake da kalmomi fiye da haka, dan haka ka tambayi malamarku wanne zaku rubuta da kuma makin da sashen injiniyancin ke nema, dan wasu sassan suna son sama da 180. Wanda ya gama zango ɗaya ko da barci yake a aji bazai rasa ɗari huɗu ko biyar a kansa ba, ka ɗauki tsohuwar takardar HSK 3 ka gwada kanka da agogo ka gani, inaga zaka sha mamaki. Nahawunsu ma sauƙi gareshi, aikatau baya canzawa, babu namiji da mace a kalma, babu wannan jam'in namu da kowace kalma da irin nata. Akwai 'yan Chaina dake karanta Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing, kuma gidan rediyonsu yana watsa shiri da Hausa tun 1963, in su sun iya fama da ɓ da ɗ da ƙ da jam'in Hausa har suna karanta labarai, kai ma zaka iya da nasu.

Abokanka 'yan Afirka bazan ce ka yar da su ba, ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai su ne zasu kawo maka ruwan zafi. Amma a ɗakin kwanan baƙi mutum zai iya shekara huɗu a Chaina bai yi jimla goma da ɗan ƙasa ba, ka ci da su ka yi ƙwallo da su ka yi hira da su da Turanci, sai dai kawai sunan kana Chaina. Ka ware awa ɗaya a rana wacce ba Turanci ba Hausa. Wuhan gari ne na ɗalibai, jami'o'i birjik, kuma da yawansu suna neman wanda zasu gwada Turanci da shi saboda tasu jarrabawar, ka samu ɗaya kuyi yarjejeniya rabin awa nasa rabin awa naka, ka tsaya akan rabon dan in ka sake duk awar zata tafi a Turanci. Filin kwando da teburin tanis sun fi ko'ina saurin haɗa abota. Sannan shagunan taliyar Lanzhou ɗin nan da nasan kana ci, masu alamar qingzhen ta halal, yawancin masu su Musulmi ne daga arewa maso yamma, ka daina nuna hoto da yatsa, ka yi musu sallama ka faɗi abinda kake so da baki, ka zaɓi shago ɗaya ka zama ɗan gida, yaransu da ke zuwa makaranta suna da Putonghua mai kyau kuma basa gajiya da gyara mutum. Juma'a ka je masallacin cikin gari. Ka dai kiyaye, dokar ɗalibai baƙi ta 2017 ta hana taron addini da wa'azi a cikin makaranta, sallarka a ɗakinka, jam'i a masallaci.

Kallo da ɗaukar hoto da yara masu nuna ka da yatsa, wannan zaka sha shi, mafi yawa ƙauyanci ne kawai na wanda bai taɓa ganin baƙin mutum ido da ido ba. Akwai kuma wariya ta gaske, duk mun ga abinda akayi wa 'yan Afirka a Guangzhou a watan Afrilun 2020 da aka dinga fitar da su daga gidajen haya da otal. In wani abu ya wuce kallo ka kai ofishin ɗalibai baƙi, kada ka biye wa kowa a titi.

Toh sai kawu, wanda nasan shine ya sa ka rubuto.

Kada ka karɓi wannan aikin yanzu. Izinin zaman da ke cikin fasfonka na karatu ne, kuma dokar shige da ficensu da ta fara aiki a 2013 bata yarda ɗalibi yayi aikin kuɗi ba sai makaranta ta amince an kuma rubuta masa a jikin izinin. Wanda aka kama yana aiki ba izini tarar yuan 5,000 zuwa 20,000 ce, in abin yayi tsanani a haɗa da tsarewa na kwanaki, ana kuma iya maido mutum gida a hana shi komawa na shekaru. Duba kaya ana baka kamasho sunansa aiki ko da na kawunka ne. Amma abinda yafi bani tsoro shine maganar turo kuɗi ta asusunka. Kai ka san ba ta banki kai tsaye zai turo ba, naira zai ba mai canji a gida, wani kuma da baka taɓa gani ba a Chaina ya zuba maka yuan, kai baka san daga ina wannan kuɗin ya fito ba. In aka yi rashin sa'a ya biyo ta hannun 'yan damfara, 'yan sanda suna bin sawun kuɗin asusu bayan asusu suna rufewa, wannan ya sha faruwa da manyan 'yan kasuwa a Yiwu da Guangzhou balle ɗalibi. Kuma a ƙasar da ko ruwan roba da WeChat ko Alipay ake saye, ranar da aka rufe maka asusu alawus ɗinka ma ya maƙale a ciki, ga ka zaune kana bayani da yaren da kace baka iya ba.

Ka ƙara da cewa Wuhan zuwa Guangzhou tafiyar wajen awa 4 ce a jirgin ƙasa mai sauri, zuwa da dawowa zai cinye maka kaso mai tsoka na alawus, kuma duba kaya ba wuni ɗaya bane, sai ka kwana ka jira ka koma. Ajin Litinin ya tafi kenan. Taura biyu bata taunuwa ƙanina. Sannan in ka je me zaka duba? Baka san yadi ba, baka san nauyinsa ba, baka iya ciniki da yaren ba, in kwantena ta sauka aka ga kala ta bambanta ko yadin bai cika ba, kai za'a kira, kuma daga ranar zumuncin Hajiya da ƙaninta ya samu tabo akan abinda tun farko ba fanninka bane.

Yadda zaka faɗa masa shine abin lura, dan mutumin da ya biya maka jirgi ba'a tura masa a'a a rubuce, kuma ba'a yi masa shiru ana ƙin ɗaga waya, wannan ya fi komai ciwo. Fara da Hajiya, ka bayyana mata maganar doka da ta asusu dalla dalla, ka ce mata in aka kama ka tallafin ne zai tafi gaba ɗaya. Uwa in ta ji kalmar a maido ɗanta gida ita da kanta zata tare maka. Bayan nan ka kira kawu da kanka, ka gaishe shi yadda ya kamata, kayi godiyar jirgi, sannan kace Kawu na bincika, takardar da nake zaune da ita bata bani damar taɓa kuɗin kasuwa ba, in na taɓa ni da kuɗinku duk muna cikin haɗari, ku bani zuwa in ci jarrabawar nan. Ɗan kasuwa ne, in ya ji kuɗinsa na iya maƙalewa zai fi kowa saurin ganewa. Kuma lokaci ya taimake ka, bikin sabuwar shekararsu na tafe, masana'antu da manyan kasuwanni rufewa suke na makonni ma'aikata su tafi garuruwansu, ko ka yarda ma ba abinda zaka iya duba masa yanzu. Abokan nasa biyu kuwa basu biya maka komai ba, ka gaishe su da ladabi kace karatu ya riƙe ka, shikenan.

Kada kuma ka rufe ƙofar gaba ɗaya dan kawu bai yi kuskure ba da ya hango amfani a zamanka can, gaggawa kawai yayi. Akwai abinda zaka iya masa ba tare da ka taɓa kuɗi ba, in mai kaya ya turo masa saƙo da yarensu ka fassara masa, wannan ma karatu ne a wajenka. In hutun bazara ya zo ka gama jarrabawa, ya shigo da bizarsa ta kasuwanci ka raka shi a matsayin ɗa, kuma in yadi yake nema ka ce masa ya leƙa Keqiao da ke Shaoxing a lardin Zhejiang, babbar kasuwar yadi ce kuma ba nisa da Yiwu. Masu jin Turanci da ke yi wa 'yan Kwari tafinta a Guangzhou sun yi yawa, wanda babu shine ɗan gida mai jin Hausa da yaren Chaina sosai har ya karanta takardar ciniki ya kira masana'anta kai tsaye, ga kuma digirin injiniya a hannu. In ka ajiye karatun yau izinin zamanka ma ya faɗi tare da shi, dan makaranta ce ta tsaya maka, kaga babu karatun babu kasuwar.

Masu lissafa maka alawus da naira kuma, ka faɗa musu nawa kwanon abinci yake da nawa ka sayi rigar sanyi, su juya wannan ma zuwa naira. In ka samu rara ka ɗan tura wa Hajiya lokaci lokaci ba tare da ka mayar da shi albashin wata ba.

Hutun nan da ke gabanka shine mafi wuya, makaranta zata yi tsit, ɗaliban ƙasa duk sun tafi gida, wasu kantunan abinci a rufe, ga sanyin Wuhan mai damshi da ke shiga ƙashi tunda garin baya cikin yankin arewa da ake dumama gidaje da bututu. Ka sayi dogon wandon ciki irin nasu ka daina jarumta, ka tanadi shinkafa da taliya da mai tun kafin a rufe, ka tsara wuninka kamar akwai aji, safe bita, rana ka fita ko'ina ne ka yi magana da mutum, dare barci. In wani ɗan ajinku ko abokin musayar yarenka ya gayyace ka gidansu cin abincin sabuwar shekara ka je, ka faɗa musu tun da wuri cewa baka cin naman alade baka shan giya, suna girmama wannan in an sanar da su, ka riƙe 'ya'yan itace a hannu. In kuma ka ga ƙuncin ya wuce na kewar gida, barci ya ƙi ko abinci ya fita a ranka sati da sati, kada ka ɓoye, jami'o'in suna da ofishin masu ba ɗalibai shawara kuma kana da inshorar lafiya cikin tallafinka, ka faɗa wa malamarku ta haɗa ka da su. Ka gwada takardar HSK 3 ɗin nan cikin satin nan ka rubuto min makin da ka samu a kowane kashi, daga nan sai mu ga ko sauraro zaka fi ba ƙarfi ko rubutu.